Agogon Baba Mai Jirgi a Greensboro

Tun da na dawo kumburin ƙafata bai saɓe ba, amma sallama ba ta yanke a gidan nan ba. Wannan ta shigo, "Hajiya Saude, ya Amurka?" Waccan ta shigo, "Ina tsarabarmu?" Na ba da labarin har muryata ta dushe, kuma kullum sai an katse ni a tsakiya ana son jin ko da gaske ne karnukansu suna sa riga. Suna sawa. To ga sauran na rubuta, mai tambaya sai in miƙa mata ta karanta, ni kuma in samu in kwanta. Amma in gaya muku tun da wuri, ba yawon buɗe ido na je ba. Agogo na kai wa yayana.

Waɗanda suka san gidanmu na Tudun Wadar Kaduna sun san marigayi mahaifinmu, Malam Hamisu, wanda ake ce wa Baba Mai Jirgi. Yana saurayi ya tafi Legas neman abinci, ya samu aikin hidima a wani jirgin ruwa na dakon kaya, ya yi shekaru bisa teku, shi da ko iyo bai iya ba. Da jirgin ya tsufa za a farfasa shi, sai kyaftin ɗin ya ba shi agogon jirgin. Ba irin na bango ba ne. Akwatin katako ne jawur mai kusurwoyin tagulla, a ciki an rataye wani kwanon tagulla cikin zobba biyu, ta yadda duk karkatar da jirgi zai yi, fuskar agogon tana kallon sama. Lokacin wani gari na Ingila yake riƙewa. Baba ya ce matuƙi yakan auna rana a inda yake, ya duba agogon, bambancin da ke tsakani shi ke gaya masa nisan da ya yi gabas ko yamma. In agogon ya yi ƙarya, jirgi ya hau dutse.

Dokar gidanmu biyu ce a kansa: ba a taɓa hannunsa, ba a barinsa ya tsaya. Kullum in Baba ya dawo daga sallar asuba, kafin ya sha shayi, sai ya kifa kwanon ya murɗa makulli. Ciyarwa yake kiran abin. Da ya rasu ciyarwar ta dawo kaina, don Yaya Lawal, wanda ya kamata ya gada, ya tafi karatu Amurka tun ina goyon ɗana na fari, ya ce shekara kaɗan zai yi. Yanzu ɗan nan nawa yana da 'ya'ya.

Bara ɓarin jikin Yaya na dama ya shanye. Bana matarsa Zulai ta kira ni ta ce likita ya ce zuciyar ma ta gaji, kuma abu ɗaya yake ta maimaitawa, yana son ya ji agogon Baba. Na kara waya a jikin akwatin, ya ce ba ya jin komai. Ashe wayoyin yanzu sukan ɗauki irin wannan ƙarar a matsayin hayaniya su share ta. Na ce shi ke nan, zuwa da kai ya fi aike.

Maganar biza ba zan ɓata muku lokaci da ita ba, layi ne da haƙuri. Ana gobe tafiya na goge akwatin tas. A kusurwarsa, ƙarƙashin makulli, akwai wani ɗan gwangwani mai tsatsa da ban taɓa kula da shi ba. Na buɗe na ga 'yan guntayen totuwar kara duk sun yi ja don tsufa. Na ce wasan yara ne, na juye su a kwandon shara. Na ɗaure zobban da 'yar sakatar da ke jiki, na naɗe akwatin da zane, na ɗauki niyyar zan kai shi gaban Yaya yana tafiya kamar yadda Baba ya bar shi.

A jirgin ƙasa zuwa Abuja a cinya na ɗora shi. Wani bawan Allah ya yi ta roƙona in kawo ya sa mini a sama, na ce ya ji da nasa kayan ya bar ni da nawa. A filin jirgi kuma mai duba kaya ya kasa kunne, ya ja da baya.

"Mama, mene ne yake motsi a ciki?"

"Agogo ne."

Ya buɗe ya daɗe yana kallo, sannan ya dubi hannuna. "Mama, na hannu bai ishe ki ba?"

Mun yada zango a wata ƙasar Larabawa, filin jirgi ne da za ka yi ta tafiya a ciki har ka manta inda za ka. Na rasa gane ko safiya ce ko yamma, sai na bi lokacin agogon. Da lokacin ciyarwa ya yi na shiga masallacin mata, na zauna a kusurwa, na kifa kwanon na murɗa. Wata 'yar kasuwa 'yar Kano da ke shirin wucewa Sin sarin kaya ta tsaya da hijabinta a hannu.

"Hajiya, Allah ya sa dai ba ɗan aljani kike ba abinci ba."

Na ba ta labari. Ta ce, "Ikon Allah. Mu muna zuwa mu kwaso agogo buhu-buhu, ke kina fita da ɗaya." Ta ba ni dabino da man zafi na shafa a gwiwa, Allah ya saka mata.

Doguwar tafiyar kuwa ba ta da labari sai wahala. An tilasta mini sa akwatin ƙarƙashin kujera, na matse shi da ƙafafu, in an jima in sunkuya in saurara. Baturen da ke kusa da ni ya ɗauka amai nake ji, ya yi ta miƙo mini leda. Aka kawo wata shinkafa mai ɗanɗanon takarda da ɗan burodi mai sanyi. Kafin mu sauka takalmina ya ƙi shiga.

A filin jirgin da muka fara sauka a Amurka, tsohuwa da hijabi ɗauke da akwati mai ƙas-ƙas, kun san ba za ta wuce salin-alin ba. Suka kai ni wani ɗan ɗaki. Gaskiya ba su ci mini mutunci ba. Matar da ta buɗe akwatin ma kiran abokan aikinta ta yi su zo su ga abin sha'awa. Kilishin da na riƙo wa Zulai dai sun karɓe, suka jefa a shara ina kallo. Na fito ina hamdala, na ce babban ya wuce.

Saura ƙaramin jirgin da zai kai ni Greensboro, kuma sai an sake duba kaya. Na ce a bar ni in riƙe a hannu, suka ce dole ya bi ta inji. Na ɗora shi a tire, ya shige, ya fito ta ɗaya gefen, ya gangaro kan wasu 'yan tayoyi, ya je ya bugi akwatin wani. Ƙwas, ba ma da ƙarfi ba. Na ɗauke shi na kara kunne. Shiru. Na buɗe murfin, ƙaramin hannun nan mai ƙirga daƙiƙa yana tsaye.

Na samu benci na zauna na yi kuka irin wanda rabona da shi tun rasuwar Baba. Abin da ya tsallake ramukan hanyoyinmu, ya ƙetare teku, ya zo ƙofar gida ya mutu a hannuna. Wata mai shara ta miƙo mini takardar goge hanci tana ce mini "honey". Ni da na yi shekaru ina shugabar makaranta, yau ni ake ce wa zuma.

Zulai tana wajen aiki, don haka maƙwabcinsu Malam Isuhu ne ya tarbe ni, mutumin Maraɗi ne mai tuƙin tasi. Ya ga idona, ya ga akwatin, na gaya masa. Ya ce, "Bon, Hajiya, kada ki shiga da shi yau. Bar shi a bayan mota mu ga abin da Allah zai yi."

Muka hau wani titi da suke kira Wendover. Motoci layi-layi, kantuna kowanne ya kai filin ƙwallo, amma ba mutum ko ɗaya a ƙasa. Ba mai gyaɗa, ba mai lemo, ba wanda za ka tsaya ka yi wa tambaya. Gidan su Yaya yana cikin wasu jerin benaye masu kama ɗaya, ƙofofi a rufe, tagogi a rufe, ko'ina warin kafet. A ɗakin 'yarsu Amira aka sauke ni, ita tana jami'a, in na yi mata Hausa ta amsa da Turanci.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shirun ɗakin marar lafiya. A nan gida sai likita ya kori 'yan dubiya. Can sai an buga waya an nemi izini, kuma 'yan uwanmu Hausawa, duk da kirkinsu, ba sa samun zuwa sai ƙarshen mako, su zo da kular tuwo, ido ja don aikin dare, su yi addu'a su ce suna da "shift". Zulai kuwa tsofaffi take jinya a wajen aiki, ta dawo gida ta ɗora da mijinta. Ban taɓa ganin ta gama cin abinci a zaune ba.

Yaya ya rame, gemu ya yi fari, sai na ga kamar Baba ne a kwance. Muka gaisa, muka yi kuka. Maganarsa tana fita a hankali, kalma ɗaya-ɗaya.

"Ina... yake?"

"Masu duba kaya sun riƙe shi, Yaya. Za su aiko."

Ya dube ni, ya daɗe, sannan ya rufe ido. Ban taɓa yi masa ƙarya ba sai ranar.

Washegari Malam Isuhu ya ce akwai wani tsoho da yake kaiwa lopital, wato asibiti, duk wata, tsohon sojan ruwa ne, kuma ya taɓa ganin irin akwatin nan a gidansa. Muka nufi gabashin gari, unguwar baƙaƙen fata, ƙananan gidajen katako da coci-coci. Nan na fara ganin mutane zaune a baranda suna ɗaga wa mota hannu. Kowace ƙofa an jera kabewa manya-manya an ɗaure karan masara a jikin ginshiƙi. Na tambaya ko shanya ce, Isuhu ya ce ado ne na kaka, in sun ruɓe a zubar. Kabewar da za ta yi wa layinmu miyar taushe har a raba wa maƙwabta.

Sunan tsohon Walter, Isuhu yana ce masa Malam Walta. Dogo ne baƙi, da za a sa masa babbar riga sai ka rantse ɗan Zariya ne. Shagonsa yana bayan gida. Kafin ya taɓa akwatin sai da ya wanke hannu. Ya kwance gilashin, ya tara yatsunsa, ya kifo agogon daga cikin kwanon.

Shekarun nan duka ina ciyar da abu ban taɓa ganin cikinsa ba. Akwai wata sarƙa siririya, ta fi ta wuyan amarya laushi, tana naɗe jikin wani abu mai siffar katantanwa. Ya ce ita ke daidaita ƙarfin, don kada agogon ya yi sauri in ya ƙoshi, ya yi nawa in ya ji yunwa. Akwai wata waya shuɗiya a murɗe, a ƙarƙashinta wani zobe mai 'yan nauyaye a gefe, ya ce shi ne zuciyar, an haɗa shi da ƙarfe iri biyu don zafi da sanyi kada su ruɗe shi. Ya ba ni gilashin ido na leƙa. Ko kusoshin da ke can ciki, inda ba mai gani, an goge su suna ƙyalli. Ya ce wanda ya yi wannan da hannu ya yi shi, kuma ya mutu tun kafin a haifi mahaifina. Na ji wani irin nauyi, kamar na shiga ɗakin wani babba ban yi sallama ba.

Ya taɓa zoben sai ya yi gefe, langaɓaɓɓe. Tsinin sandar da yake juyawa a kai ne ya karye, abu kamar gashin kai.

Ya tambaye ni, "Yana tafiya kika ɗauko shi?"

Na ce, har da ɗan alfahari, "Daga Kaduna har ƙasarku ko sau ɗaya bai tsaya ba. A hanya ma na ba shi makulli."

Ya cire tabarau ya goge. Ba faɗa ya yi ba. Ya ce an yi agogon ne don lilon teku, mai zuwa a hankali, ba don girgiza da bugu ba. Duk mai tafiya mai nisa da shi ta ƙasa ko ta sama, tsayar da shi yake yi, ya cusa wasu 'yan abubuwa masu laushi ƙarƙashin zoben su tallafe shi. Ya jawo aljihun tebur ya nuna mini irinsu, 'yan guntayen toshiyar kwalba an fere su. Ya ce yawanci akan ajiye su a cikin akwatin.

Sai na ga kwandon sharata na Tudun Wada ƙiri-ƙiri a gabana. Rashin sani ya fi dare duhu. Na nemi kujera na zauna.

Ya ce man ciki ma ya bushe tuntuni, tsinin ya riga ya cinye, ko ba wannan bugun ba yana gab da karyewa. Na san lallashi ne, amma na karɓa. Ba a sayar da irin sandar a ko'ina, sai dai ya fere wata daga ɗanyen ƙarfe. Kuma hannunsa yana rawa in rana ta ɗaga, da safe kawai yake iya aiki. Na ce yaushe zai gama. Ya ce ranar da ya gama.

Kun san yadda muke yi wa tela in Salla ta matso. Ba a barin ɗinki a tafi, a kansa ake zama. To haka na yi wa Malam Walta. Kullum da safe Isuhu ya sauke ni, in shimfiɗa ɗankwali a kan wani akwati in zauna da carbina. Ranar farko ya ce zai kira ni a waya, na ce na gode, ban tashi ba. Rana ta biyu matarsa, Mis Loreta, ta leƙo ta tambayi ko lafiya. Na yi mata bayanin tela. Ta yi dariya har da riƙe ƙofa, ta ce shekara da shekaru tana neman dabarar da za ta sa ya gyara mata agogon kicin. Ta kawo mini kujera mai lilo.

A gidan nan na ci abincin da ya zauna mini. Wani ganye take dafawa har ya yi laushi, kusan miyar alayyahu ba manja, ta rantse mini da talotalo ta yi don ta san ba ma cin alade. Ga wainar masara mai ɗan zaƙi, ga wani fate fari na tsakin masara da suke ci da safe ba miya ba yaji. Shayi kuwa da ƙanƙara suke sha, sukari kamar za a yi alewa. Na sha don kunya.

Ina zaune ina kallonsa yana aiki a wani ɗan injin da bai fi tafin hannu biyu ba. Ya sunkuya, gilashi a ido, ya taɓa ƙarfen da bakin wata 'yar aska, ya tsaya ya auna, ya sake taɓawa. Abin da ke zuba ko ƙura bai kai ba. In ya riƙe numfashi ni ma in riƙe. Sai ga shi wata safiya, aiki ya kusa ƙarewa, na ji ya yi wani ɗan nishi ya ajiye askar. Tsinin ya karye. Ya ce gobe a sake daga farko. Na ɗauki carbina, Isuhu ya mayar da ni gida.

A ranar ne numfashin Yaya ya sarƙe aka kwashe shi zuwa asibiti. Ranar komawata tana matsowa, ga agogo a warwatse cikin 'yan kwanoni, ga mai son jin sa an sa masa roba a hanci. Na ji tsoro sosai kada ya tafi da ƙaryata a kunnensa. Da Zulai ta fita neman ruwan zafi na matsa kusa da gadon.

"Yaya, ba wanda ya riƙe agogon. A hannuna ya karye. Yana wajen gyara."

"Na sani... ba ki iya ƙarya ba." Ya huta. "Kin sa masa... totuwar?"

"Na zubar da ita, Yaya. Na ɗauka shara ce. Ai ba a barinsa ya tsaya."

Sai rabin fuskarsa ya fara motsi. Na tsorata zan kira nas, ashe dariya yake, har da tari. Da kyar ya ba ni labarin. Duk bayan 'yan shekaru Baba yakan kai agogon Legas wajen wani tsoho a wanke shi, kuma da hannunsa yake tsayar da shi. Yaya ne mai fere totuwar. Ni lokacin ina makarantar kwana, in ina gida kuma ana kora ni in share tsakar gida.

"Laifina ne," in ji shi. "An koya mini... na taho da shi nan... na bar miki makulli kawai."

Aka sallamo shi bayan kwanaki, ya ƙara ramewa. Sanda ta biyu kuma ta yi. Malam Walta ya wanke komai, ya ɗiga mai da bakin allura, ya mayar, ya ɗan juya akwatin hagu da dama, sai zoben ya kama lilo. Ƙas, ƙas, ƙas. Ya ce a ƙa'ida sai ya yi makonni yana lura da tafiyarsa. Na ce masa mai shi ba shi da makonni. Ya dube ni, ya je ya sa hularsa. Shi ya riƙe akwatin a cinya, Isuhu ya ja mota kamar ya ɗauko amarya, motocin Wendover suna ta zabga mana oda, Isuhu kuwa yana cewa, "Ku wuce, ku wuce, Allah ya ba ku haƙuri."

Muka ajiye shi a ɗan teburin gefen gado. Zulai ta kashe talabijin da na'urar ɗumama ɗaki. Yaya ya karkato da kunnensa na hagu ya jingina da katakon. Ba wanda ya yi motsi. Hawaye ya gangaro ya shiga gemunsa.

"Baba ya dawo daga masallaci," ya ce. "Inna tana hura wuta."

Amira ta leƙa fuskar agogon ta dubi wayarta. "Daddy, the time is wrong."

"Ba kuskure ba ne, Mamana. Lokacin wani wuri... yake riƙe."

Makon da ya rage mini, kullum bayan asuba ni nake kifa kwanon, shi ya murɗa makulli da hagu. Ya fara cin abinci kaɗan-kaɗan. Ni kuma na fara koya wa Zulai ciyarwar, tana hamma tana gyaɗa kai, takalmin aiki a ƙafa.

Ana gobe zan taho, bayan la'asar, sai ga Isuhu da karan masara guda, ya ce Yaya ne ya aike shi, daga barandar Mis Loreta ya zaro. Yaya ya ce in kawo reza.

"Me za a yi da kara, Yaya?"

"Da shi... za ki koma."

Raina ya ɓaci. Na ce ya dubi ƙafafuna. Na ce na ɗauko abin nan a cinya na ƙetare duniya, na yi kuka a gaban arna da Musulmi, na zauna a kan tsohon mutane kamar mai bin tela, duk don ya zauna kusa da shi, yanzu ya ce in mayar?

Ya bari na gama. "Na ce ina son in ji shi... na ji. Zulai ta gaji, Saude. Amira ba ta san Baba ba. Ni kuma..." Bai ƙarasa ba. "Ɓare karan."

Na ɓare. Ya nuna mini tsawon da zan yanka da yadda zan fere bakin ya yi tsini. Na lalata na farko, na biyu ma ya ce ya yi kauri, yana yi mini tsawa da rabin baki kamar muna yara. Na kwance gilashin yadda na ga Malam Walta ya yi, na kifo agogon a yatsuna. Zoben yana ta lilo. Yaya ya ce in miƙa masa 'yar takarda. Ya riƙe ta da hagu, ya matso da gefenta a hankali har ta shafi zoben. Ya yi lilo ɗaya, ya yi rabi, ya tsaya.

Ɗakin ya yi tsit. Na cusa totuwar nan da can yadda ya ce, na mayar da komai, na rufe murfin. Ya ɗora tafinsa a kan akwatin ya bar shi nan.

"Shekara nawa ina cewa baɗi," ya ce. "Ki kai shi Tudun Wada. Cikinmu biyu... a samu ɗaya ya koma gida."

Dawowa ba wanda ya tsayar da ni, akwatin da ba ya ƙara ba mai tambayarsa. Na iso na yi kwana biyu ina barci. A rana ta uku bayan asuba na zare totuwar, na juya akwatin hagu da dama, ya tashi. Jiya mun yi waya da Yaya. Bai tambayi agogon ba, itacen gwaibar tsakar gida ya tambaya ko yana nan.

Masu neman tsaraba, abin da na tafi da shi shi na dawo da shi, ga shi can a ɗakin Baba, kowa na iya shiga ya saurara. Na kira 'yata Hadiza ta zo ranar Asabar in nuna mata yadda ake fere kara. Totuwar kuma tana cikin gwangwaninta a kusurwar akwatin. Duk wadda ta zo taya ni shara, kada ta zubar.